Hoton da Miro ya zana na kansa a 1919: me ya sa fuskar ta sandare haka?

Mai Zanen Alluna, Zango

Assalamu alaikum, malamai da ƴan uwa. Ina neman a warware mani wani abu da ya shafi sana'ata, kuma a yi mani haƙuri da tsawon bayani. Shekara 11 ke nan ina zana allunan shaguna a nan Damagaram, na masu aski da teloli da masu gyaran babur, kuma da wuya a ce mutum ya bi ta wajen Kasuwar Dole bai ga aikin hannuna ba, ko da yake ba zai san nawa ba ne. A watan jiya wani maƙwabcina da ya yi karatu a Yamai ya ba ni aron wani tsohon littafin zane-zane na Faransanci wanda bangonsa ya riga ya fita, a cikinsa na ci karo da hoton wani saurayi ba gemu ba gashin baki, sanye da jar riga buɗaɗɗiya a wuya har ana ganin ƙirjinsa, idanunsa manya sun kafe mai kallo, bayansa kuma babu komai sai launi ɗaya a shimfiɗe. A ƙarƙashin hoton an rubuta Joan Miró, 1919, maƙwabcin nawa kuma ya fassara mani cewa mai zanen ne ya zana kansa da fentin mai a kan ƙyalle.

Tambayata kashi biyu ce. Ta farko, tun da a wancan lokaci akwai na'urar ɗaukar hoto, kuma an ce mutumin ya yi makarantar zane, me ya sa ya yi fuskarsa kamar wadda aka sassaƙa daga icce, kuma me ya sa ɓangarorin rigar biyu ba su yi daidai da juna ba, ɗaya duk kusurwoyi da karyayyun ninki, ɗaya kuma an bi shi da ƙananan ado, kamar teloli biyu ne suka ɗinka ta ba su yi shawara ba? Da ni ne na kai wa mai aski irin wannan, na tabbata sai ya riƙe mani sauran kuɗina.

Ta biyu, na gwada yin nawa. Na jingina madubi a bango, na samu falankin katako, na buɗe gwangwanayen fentin mai da nake aiki da su kullum, amma abin bai yi kyan gani ba. Fentin ya yi ta dalala daga goshi zuwa hanci, kafin in haɗa haske da inuwa a kumatu ya riga ya yi danƙo, ƙurar hunturu ta manne masa, sannan da mai ɗakina ta leƙo sai ta ce tabon da ke kuncina na dama ya koma hagu. Shin fentin da ya yi aiki da shi iri ɗaya ne da namu? Batun hukuncin zana mai rai kuwa na riga na kai shi gaban malamaina, ba shi na kawo nan ba.

Tsohon Malamin Makaranta, Birni

Wa alaikumus salam, ɗana. Tambayarka ta farko zan taɓa, domin ta fenti ba fagena ba ce. Sunan nan Joan na namiji ne a harshen Kataloniya, furucinsa ya yi kusa da Juwan. Kataloniya kuwa yanki ne a arewa maso gabashin Sifaniya mai harshe nasa na kansa, babban birninsa shi ne Basalona, wadda samarinmu suka fi sani ta wajen ƙwallo. A can aka haifi Miro ranar 20 ga Afrilu 1893, wato ya yi hoton nan ne a shekarar da ya cika 26. Ɗan masu sana'ar hannu ne gaba da baya, domin mahaifinsa maƙerin zinariya ne kuma mai gyaran agogo, kakansa na wajen uba maƙeri, na wajen uwa kuma kafinta a tsibirin Mayorka. Iyayensa sun so ya zama akawu, ya kuwa kama aikin ba da son ransa ba, har ya kwanta da zazzaɓin taifot a 1911, aka kai shi jinya gonar iyalin da ke Mont-roig, bayan ya tashi ne aka ƙyale shi ya bi zane.

Abin da zai buɗe maka hoton shi ne halin da saurayin yake ciki lokacin da ya zauna gaban madubi. A 1918 ya yi baje kolinsa na farko shi kaɗai a shagon wani dillalin zane na Basalona mai suna Josep Dalmau, kasuwa ba ta yi ba, aka kuma yi wa aikin dariya. Daga nan hankalinsa ya koma Faris, inda duk mai zane na wancan zamani ke son a san shi, ya kuwa tafi karo na farko a 1920, shekaru kaɗan kafin Faransawa su ɗauke mana fadar mulki su kai Yamai a 1926. A ganina hoton nan shirin tafiya ne. Ka san yadda baduku yake yi idan zai kai kaya garin da ba a san shi ba: yakan ɗinka jaka guda ya zuba mata duk irin ɗinki da rini da ya iya, domin wanda ya juya ta sau ɗaya ya gane inda aka koya da kuma inda hannu ya kai. Miro ya yi irin wannan jakar, sai dai fuskarsa ce fatar.

Fuskar da ka ce kamar sassaƙa, daga tsofaffin bangayen ƙasarsu ya ɗauko ta. A cikin kwaruruwan duwatsun Pirene da ke arewacin Kataloniya akwai ƙananan majami'u masu zane a bango tun ƙarni na 12, wadda aka fi sani ita ce Sant Climent de Taüll da aka keɓe don ibada a 1123. Masu zanen wancan zamani sukan yi fuska tana fuskantar mutum kai tsaye, idanu manya, hanci miƙaƙƙe, kowace gaɓa an kewaye ta da layi mai ƙarfi, ba murmushi ba ɗaure fuska. Tsakanin 1919 da 1923 aka ɓamɓaro zanen daga bangayen aka kawo Basalona don kada dillalan ƙasashen waje su saye su, yau suna babban gidan adana zane na Kataloniya a kan tudun Montjuïc. Miro ya sha faɗa cewa wannan tsohon zane ya shiga ransa tun yana yaro. Idan ka samu hoton bangon Taüll a intanet ka ajiye shi kusa da littafin maƙwabcinka, idanun kaɗai za su ishe ka shaida.

Rigar kuma ita ce sabon abu. Kusurwoyi da karyayyun ninkin da ka lura da su daga salon da masu zane biyu, Picasso da Braque, suka ƙirƙiro a Faris suka fito, salon da ke kakkarya siffar abu ya nuna ta ta fuskoki da yawa a lokaci guda, kuma Dalmau ɗin nan ya riga ya nuna irin waɗannan ayyuka a Basalona tun 1912. Saboda haka idonka bai yi kuskure ba da ka ga teloli biyu, sai dai da gangan aka kira su. Kai kuma mai aski yana biyanka ne don mai wucewa ya gane askin da zai nema, shi kuwa Miro ba wanda ya yi masa odar hoton, kama da mutum kuma na'ura ta riga ta karɓe ta a farashi mai sauƙi.

Shaidar cewa jakar ta yi aikinta ita ce hannun da ta faɗa. Hoton ya isa Faris, ya zama mallakar Picasso, wanda ya girmi Miro da shekara 12 kuma shi ma a Basalona ya yi samartakarsa, ya riƙe shi har mutuwarsa a 1973. Yanzu yana gidan adana ayyukan Picasso da aka buɗe a Faris a 1985.

Malamar Zane

Baba Malam, Allah ya ƙara sani da lafiya. Bayanin ya gamsar da ni game da Miro, amma ina tsoron kada Yaya mai tambaya ya ɗauka cewa duk masu zanen Kataloniya na wancan zamani sun juya wa kama baya, ko kuwa sandararriyar fuska ita ce alamar gwaninta. Ramon Casas, wanda aka haifa a 1866, ya zana kansa da fentin mai a 1883 yana ɗan shekara 17, fuskarsa sak, sai dai ya sa tufafin mutanen kudancin Sifaniya waɗanda ba na garinsu ba ne, aka kuma karɓi hoton a babban baje kolin Faris. Shi ma shirin kasuwa ne, amma ta wata hanya dabam, domin ya san irin Sifaniyar da Faransawa ke son gani.

Wadda na fi so a duba ita ce Lluïsa Vidal, wadda aka haifa a Basalona a 1876, ƴar wani sanannen mai ƙera kayan ɗaki. Wajen 1899 ta zana kanta da fentin mai a kan ɗan ƙaramin katako, irin wanda Yaya ya ce ya ɗauka, kuma hoton yana gidan nan na Montjuïc da Baba ya ambata. Abin lura shi ne ta zana kanta cikin rigar aiki, tana riƙe da burushi da allon haɗa launi. Miro kuwa bai nuna hannuwansa ba, balle kayan aiki. A fahimtata wannan bambanci ya fi na salo muhimmanci. Saurayin Basalona da ya ce shi mai zane ne, ana iya yi wa aikinsa dariya amma ba a musanta cewa sana'arsa ce, alhali mace a wancan zamani ana ɗaukar zanenta a matsayin abin ɗebe kewa kafin aure, shi ya sa sai da ta ɗaga kayan aikin inda kowa zai gani. Ta je Faris ƙaro karatu a 1901, ta ci abinci da zana hotunan mutane da koyarwa, a 1911 kuma ta buɗe makarantarta a ɗakin aikin wani mai zane, Isidre Nonell, wanda ya rasu a shekarar. Annobar murar 1918 ce ta ɗauke ta tana da shekara 42.

Abin da ya biyo baya shi ya sa na kawo ta. Bayan mutuwarta an manta da sunanta, har aka samu wasu hotunanta da aka sauya musu sa hannu aka sa na Casas, saboda sunansa ya fi tsada a kasuwa. Yaya, kai da bakinka ka ce duk mai bi ta Kasuwar Dole ya ga aikinka amma bai san naka ba ne. Kafin ka kai ga zana fuskarka, ina ba ka shawara ka fara sa sunanka ko wata alama taka a kusurwar kowane allo, a cikin ɗanyen fenti, inda ba za a kankare ba sai an ɓata aikin. Ɗalibaina mata ma sai na tsaya a kansu suke rubuta suna, wai kunya suke ji.

Dattijo Mai Fenti, Sabon Gari

Ƙanena, ni na yi aiki da fentin iri biyu, don haka bari in amsa ta biyun. Sunan ne ɗaya, abin ba ɗaya ba ne. Na gwangwani da muke shafa wa ƙofofi da alluna an haɗa shi ne don ya kwanta sumul ya shafe sawun burushi, kuma ya bushe cikin sa'o'i, to abin da ya sa ya yi kyau a ƙofa shi ne ya ɓata maka kumatu. Na masu zane garin launi ne da aka niƙa da man ƴaƴan wani tsiro da Faransawa ke kira lin, kaurinsa kamar man shanu a lokacin sanyi, inda ka ajiye shi nan zai tsaya. Tun 1841 ake ɗura shi a ƴan bututun ƙarfe masu laushi irin na man goge baki. Shi ba bushewa yake yi kamar ruwa ba, iska man yake sha a hankali har ya daskare, saboda haka yakan yi kwanaki a ɗanye, kana iya dawowa gobe ka shigar da inuwa cikin haske ba tare da an ga iyaka ba, wurin da aka yi masa kauri kuma sai ya yi watanni bai gama ƙarfi ba.

Na san abin da zai zo maka a rai, domin ni ma ya zo mani ina saurayi: ga man gyaɗa a ƙasarmu kamar banza. Kada ka gwada. Man gyaɗa ba ya daskarewa, na taɓa dama jar ƙasa da shi na shafa a falanki, bayan wata biyu ina taɓawa yana bin yatsana, ga tururuwa sun same shi. Jar ƙasar dai ba ta da laifi, irinta ce Turawa ke yin launin fatar mutum da ita tun dā, idan aka wanke ta aka tace aka niƙa ta yi laushi. Karan dafin da dukawa ke rina fata da shi kuwa ba zan ba ka shawararsa ba, launin tsiro rana tana cinye shi.

Ƙa'idoji biyu kada ka tsallake. Ba a sa fentin mai a kan tsurar ƙyalle, domin man yana cin zaren, sai an fara shafa masa gam, sannan farin shafi, ya bushe. Sannan shafin farko a tsinka shi ya zama marar mai, kowane na bisa ya fi na ƙasa mai, idan ka juya tsarin na bisa zai riga na ƙasa ƙarfi, bayan shekaru ya tsattsage kamar tabki a bazara. Ƙura kuwa, da wannan fenti matsalarta ƙaruwa za ta yi tun da ya fi daɗewa a ɗanye. Ka yayyafa ruwa a daɓen ɗaki kafin ka fara, idan ka tashi ka jingina hoton fuskarsa na kallon bango ba tare da ta taɓa shi ba.

Mai ɗakinka gaskiya ta faɗa. Madubi yana ba ka tabon a gefen da yake, amma ita da take tsaye gabanka a ɗaya gefen ta saba ganinsa, don haka duk hoton da aka zana daga madubi juyayye ne a idon mutane. Idan abin ya dame ka, ka haɗa madubi biyu ka kalli na farko ta cikin na biyu. A nan kuma zan ɗan saɓa wa Malam, da neman afuwa. Ban musa batun bangon majami'u ba, amma duk wanda ya yi awa uku yana ƙura wa kansa ido yana auna tazarar hanci da kunne, haka idanunsa za su fito, a kafe, domin ido mai awo yake zanawa. Hannun da ke riƙe da burushi kuma ba ya tsayawa wuri ɗaya balle a zana shi, wataƙila shi ya sa saurayin ya huta da hannuwan gaba ɗaya.

Tsohon Malamin Makaranta, Birni

Na karɓi gyaran Dattijo, mai abu ya fi mai karantawa sani, ko da yake ina ganin dalilan biyu suna iya zama a fuska ɗaya. Maganarsa ta tuna mani abu biyu. Daga 1912 zuwa 1915 Miro ya yi karatu a makarantar Francesc Galí a Basalona, kuma shi da kansa ya ba da labarin cewa ya iya launi amma siffa tana ba shi wuya, sai malamin ya riƙa sa shi ya rufe ido ya shafa abu da hannu, sannan ya zana abin da yatsunsa suka ji. Goshi da kumatun hoton 1919, waɗanda ɗana ya ce kamar sassaƙa, ina jin akwai sawun wannan horo a jikinsu. Na biyu, ya sake zana kansa a 1937 zuwa 1938 a Faris, lokacin yaƙin basasar Sifaniya, wannan karon da madubi mai ƙara girman abu, yawancin aikin da fensir, idanun kuma suka zama kamar taurari. Wannan hoton yana Amurka, a birnin New York.

Mai Zanen Alluna, Zango

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Malama, jiya na gama allon wani tela kuma na sa ƴar alama a kusurwar ƙasa, ya tambaye ni ko kuɗinta dabam ne, na ce masa kyauta ce. Baba Malam, na nemo hoton bangon Taüll a waya na ajiye kusa da littafin, idanun kam dangi ne. Na kuma gwada abin da aka ce Galí yana sa ɗalibinsa: bayan sallar isha'i na rufe ido ina shafa fuskata, sai na ji karan hancina ya ɗan karkata gefe guda, abin da shekara da shekaru ina duba madubi ban lura da shi ba. Mai ɗakina ta same ni a haka ta ɗauka ciwon haƙori nake yi.

Saura abu ɗaya, Baba Dattijo. Fentin bututu ban gan shi a kasuwarmu ba, sai dai in yi saƙo Kano ko Yamai, amma wani kafinta ya ce mani akwai man lin da ake shafa wa katako. Idan na samu wannan, na wanke jar ƙasa na tace kamar yadda kuka ce, zai yi mani ko da na gwaji ne, kuma a kan wane irin dutse ake niƙa su tare?